Kasuwar kabon kada ta rufe wa makiyaya hanya

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan maganar da ta fara shigowa ƙauyukanmu da sunan kasuwar kabon: a killace daji, a hana dabbobi shiga, itatuwa su dawo, kamfanonin Turai da Amurka su biya kuɗin hayaƙin da itatuwan suka shanye.

Ni ɗan ƙasar Maradi ne, inda sassaben zamani ya samo asali a 1983, lokacin da wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya nuna wa manoma cewa kututturan sabara da kalgo da muke ƙonewa duk bazara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ka bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, ka datse sauran, cikin 'yan shekaru ka samu itace. Yau ana maganar hekta miliyan 5 a Nijar, kuma yawancinsu an raya su ba tare da shinge ba. Shanu ma da hannunsu a ciki: da rani suna cin 'ya'yan gawo, su kasayar da irin a gona, damina ta tsirar da shi.

Shingen nan shi ne damuwata. A Humbo ta ƙasar Habasha an rufe hekta fiye da 2,700, daji ya dawo, aka fara samun takardun kabon, wato shaidar hayaƙin da itatuwan suka shanye wadda ake sayarwa, a 2012. Madalla. Amma can sai dai ka yanko ciyawa ka kai wa dabbarka gida. Mai shanun noma biyu zai iya. Bafulatanin da ke tafe da garke daga Dakoro zuwa kudu fa, ina zai sa kansa? A arewacin Kenya, a Janairun 2025, kotu ta yanke cewa an kafa wasu gandayen daji biyu ba bisa ƙa'ida ba, ba a tuntuɓi makiyayan wurin yadda ya kamata ba, kuma ɗaya daga cikinsu yana cikin wani babban shirin kabon.

Irin wannan yarjejeniya takan kai shekara 30 ko fiye. Don haka ina kira ga hakimai da masu gari, kafin kowa ya sa hannu, a kira ardo ya zauna, a karanta takardar da Hausa da Fulatanci, a zana burtali da mashaya a taswira, a kuma faɗa a bainar jama'a nawa ne zai shiga hannun wanda ya datse tsiron, nawa ne na dillali.

Naku,
Wani mai karatu daga Madarunfa