Dan Allah a rage mana jan labari a finafinan nan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya haƙuri da jama'a, Allah ya taimaka. Ni mai bibiyar shafinku ne na finafinai kuma na daɗe ina son in rubuto hidima ce ta hana. Abin da ya sa na ce yau kam sai na yi magana, kusan duk sati in na buɗe shafin nan labarin ɗaya ne, wance ta fito daga gidan miji, wane ya sai sabuwar mota, wane da wane sun daina gaisawa, amma shi fim ɗin da saboda shi muka san mutanen nan ba mai cewa uffan a kansa. To bari ni ɗan kallo in faɗi nawa a kan 'yan abubuwan da na kalla kwanan nan, in kun ga ya dace ku buga, in bai dace ba ai dai kun karanta.

Ni tela ne a Fagge, kuma duk wanda ya san shagon tela ya san akwai waya jingine a jikin keke tana ta yi tun safe har dare, rabi kallo rabi saurare, saboda haka abin da ke wucewa ta gabana yana da yawa.

Bari in fara da Indiya fassara tunda ita ta cika memorin yaran shagona. Pushpa na biyu wanda ya fito a Disambar 2024 sai yanzu na samu na zauna na kalle shi daga farko har ƙarshe. Ga wanda bai sani ba labarin wani lebura ne da ya zama uban masu fasa-ƙwaurin jan icen sandal, wani ice mai shegiyar tsada da ke fitowa a dazukan jihar Andhra Pradesh. Gaskiya na farkon nan na 2021 ya fi min daɗi nesa ba kusa ba, don a can kana ganin yadda yaro ke tasowa daga saran ice da dako, ana goranta masa asali, yana haɗa dabara da ƙarfin hali har ya kai inda ya kai. A na biyun ya riga ya zama komai, ba ɗan sanda ba ɗan siyasa kowa a aljihunsa yake, har akwai inda aka ɗaure shi hannu da ƙafa amma yana gamawa da ƙarti da haƙoransa, yaran shago suna ta ihu ni kuwa hamma nake. Jarumin da ka tabbata ba abin da zai same shi me zai sa gabanka ya faɗi? Ga tsawo sama da awa uku, kuma a ƙarshe suka nuna wai akwai na uku, na ce to su ma sun fara koyon halinmu kenan. Allu Arjun jarumin fim ɗin dai ya iya wasa wannan ba musu, tafiyar nan tasa da ɗage kafaɗa yanzu har 'yan firamare na yi a layinmu.

Af, mutane da yawa ba su lura ba cewa Indiyar da muke kallo yanzu yawancinta ba ta Bombay ba ce irin ta su Amitabh da Dharmendra da iyayenmu suka yi ta layin tikiti a Plaza da Orion da Eldorado saboda ita. Na kudu ne, Pushpa da Baahubali da RRR duk da yaren Telugu aka yi su, KGF kuma Kannada, shi ya sa za ka ga duka ya fi soyayya yawa. Su kuma masu fassara Allah ya saka musu, sun sa tsohuwa a ɗaki tana bin labari tiryan-tiryan, sai dai wasunsu bakinsu ba linzami, baƙar magana da kirarin daba da ba su cikin fim ɗin duk sai su cusa, washegari ka ji su a bakin yara.

Sai Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, wanda aka ɗauka a Daura, shi ne Najeriya ta zaɓa a 2024 ya wakilce ta a gasar Oscar ɓangaren finafinan ƙasashen waje, duk da bai samu shiga jerin waɗanda aka tace ba. Rikicin gadon sarauta ne a wata masarauta da aka ƙirƙira. Hoto kam masha Allah, dawaki da rawuna da ganuwa da hasken yamma duk an ɗauke su yadda ya kamata, kuma a matsayina na tela na tsaya na ƙare wa kayan da aka saka kallo, an kashe kuɗi an kuma yi tunani. Inda na ɗan samu matsala wasu mutanen cikin labarin ban gama saninsu ba aka wuce, na so a ce an ɗan tsaya a kansu. Amma kun ga irin ƙorafin da nake so in riƙa yi kenan, in ce fim ya yi min kaɗan. Wani abin da ya burge ni, a 2019 an kori Lionheart, fim ɗin da Najeriya ta tura, daga wannan gasar saboda Turanci ya yi yawa a ciki, shekarar da ta biyo baya aka tura The Milkmaid wanda yawancinsa Hausa ne har da Maryam Booth a ciki, ga kuma wannan. Wato harshen nan namu yana da kasuwa in an yi aikin da kyau.

To yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauko waya nake ta dannawa, finafinanmu masu dogon zango na YouTube. Malam Edita jan labari ya yi yawa, wallahi ya yi yawa.

Ga wanda na kalla shekaranjiya, ba zan kama suna ba don ba shi kaɗai ba ne. Alhaji ya taso daga ofis, an nuna mana ya shiga mota, an nuna titi daga sama da ɗan jirgin nan mai kyamara, gadar Ƙofar Nasarawa ta wuce gadar Ɗangi ta wuce, ya iso ƙofar gida ya yi hon, maigadi ya taso da gudu yana gyara hula ya buɗe get ɓangare ɗaya ya zagaya ya buɗe ɗayan, mota ta shiga ta yi fakin, Alhaji ya fito ya rufe ƙofa ya tuna ya bar waya ya koma ya ɗauko. A falo Hajiya da cikakkiyar kwalliya har da gashin ido wai daga barci ta tashi, sannu da zuwa, ya hanya, ya ofis, ya gajiya, a kawo wa Alhaji ruwa, aka kawo a tire ya sha muna kallon maƙogwaronsa. Na yanka aljihun kaftani na ɗinke na kafa shi na ɗago kai har lokacin Alhaji bai faɗi abin da ke tafe da shi ba. Da ƙyar ya buɗe baki ya ce Hajiya akwai maganar da nake so mu yi, sai kiɗa ya tashi gim gim, kyamara ta matso fuskarta, aka rubuta mu haɗu mako mai zuwa. Mako mai zuwan kuma sai an fara maimaita mana abin da ya wuce, sannan Hajiya ta zauna ta yi tagumi ta tuno abin da muka gani da idonmu satin jiya, a sake nuna mana shi cikin baƙi da fari.

Na san dalili, ba wai ban sani ba. Da can furodusa zai gama fim ya kai Ƙofar Wambai ko Bata a buga faifai, na ɗaya da na biyu shikenan labari ya ƙare ya kama wani. Satar fasaha da masu turi a waya suka kashe wannan kasuwar, sinima kuma ba kowa ke zuwa ba balle matan aure da su ne rabin 'yan kallo. Sai ga kullen korona a 2020 kowa na gida da waya a hannu, Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suka nuna cewa za a iya riƙe mutane sati-sati, daga nan kowa ya tattara ya koma can. Shi kuma YouTube da talla yake biya, in bidiyo ya kai minti 8 za ka iya saka talla a tsakiyarsa, iya daɗewar mutum yana kallo iya tallan da zai gani, kuma kallon da aka yi daga Najeriya kuɗinsa bai kai na wanda aka yi daga Amurka ko Ingila ba ko kusa. Ga tsadar mai ga hayar gidan da za a yi ɗauka ga sallamar 'yan wasa. Dole mutum ya nemi yadda labarin kashi goma zai kai hamsin, sai ya zama kunun gidan biki, baƙi na ƙaruwa ana ƙara ruwa. Ban da tallan da su da kansu suke sakawa a ciki, mai maganin basir, mai sai da filaye, mai kayan mata, mai shadda, wani lokacin kana tsakiyar kukan marainiya sai ga wani ya fito yana rantsuwa a kan maganin sanyi.

Duk na yarda da wannan, neman halak ne kuma mutane da yawa na ci a ƙarƙashinsu. Amma mu ma fa kuɗi muke kashewa. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025 data ta zama abin lissafi, ga cajin waya sai ka biya in ba wuta, a ce mutum ya ƙona datarsa a kan buɗe get? Abin da hakan ke jawowa shi ne mutane sun koma jan bidiyo gaba suna tsallakewa, wasu kuma sun haƙura sai zango ya ƙare su je shagon turi a zuba musu gaba ɗaya da 'yan canji, wanda a nan furodusa ko sisi ba ya samu. Matata da ƙawayenta ma yanzu mutum ɗaya ke kalla ta ba sauran labari a WhatsApp, kuma cikin saƙon murya guda take gamawa.

Kada a ce tsawo ne laifi. Daɗin Kowa na Arewa24 shekara da shekaru aka yi ana yinsa, kuma abin da ya sa mutane suka riƙe shi a shekarun farko shi ne garin ya yi kama da gari, ga malamin tsangaya da almajiransa ga 'yan shaye-shaye ga rigimar kishiyoyi a gidan ƙasa, in wannan gidan ya yi sanyi sai a leƙa wancan. Kwana Casa'in ma haka, siyasar Alfawa, jihar da aka ƙirƙira a labarin, ta sa kowa na cewa ai wane ake nufi. Akwai abin faɗa shi ya sa aka daɗe. Matsalar ita ce wanda labarinsa saurayi ɗaya ne da 'yan mata biyu da uwa mai son kuɗi, a falo uku, kuma yana so ya shekara biyu yana yi. Su marubutan nan na san akwai masu basira a cikinsu, da yawa daga rubutun littafi suka taso, ina zargin ba a barinsu su rufe labari a inda ya kamata ya rufu, da an ga ana kallo sai a ce malam ƙaro mana, sai ka ga wanda ya mutu a zango na biyu ya dawo a na biyar wai dama tagwaye ne.

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22 saboda ana sakinsu ba a kai an tace ba, aka yi ta cece-kuce. Ni ba ni da ja a kan a duba abin da yaranmu ke kalla, amma ita hukuma tarbiyya da doka take dubawa, ba aikinta ba ne ta ce wa darakta wannan fitowar ba ta da amfani cire ta. Wannan aikin 'yan jarida ne da masu sharhi, kuma a nan ne nake ganin kun bar mu. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa tun 1999 mun taso muna karɓar aronta hannu zuwa hannu, kuma mutum kan karanta ya san abin da ake ciki a sana'ar, ba rigima kaɗai ba.

Roƙona dai ku ware ko rabin shafi ne duk sati, a samu wanda ya san fim ya kalla ya faɗa mana gaskiya, labarin ya tafi ko yana nan inda aka bar shi, sauti ya fita ko sai an kanga waya a kunne, wa ya yi wasa mai kyau ko da sabon yaro ne ba a san shi ba. Ku riƙa tattaunawa da marubuta da masu ɗaukar hoto da masu haɗa fim a kwamfuta, ba kullum jarumai ba. In furodusa ya zo tallan sabon fim ku tambaye shi kashi nawa ne kuma ya riga ya rubuta ƙarshen ko tukuna, ku buga amsar yadda ya faɗa. In kuma za ku buɗe fili masu karatu su riƙa aiko da nasu ra'ayin to ku sa sunana a farko, akwai wani na Turkiyya da yaran shago suka dame ni da shi ina gamawa zan rubuto.

A gaida duk ma'aikata, na gode.

Naku,
Wani tela daga Fagge, Kano