A yi hattara da taɓa bakin kogi

Ya Edita,

Bayan gaisuwa, na karanta rahotonku kan yadda teku ke cin gaɓa saboda sauyin yanayi. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya ce daga 1901 zuwa 2018 ruwan teku ya ƙaru da kusan santimita 20. Damuwata ita ce gaggawar da hukumomi kan yi wajen haƙa da gina katanga a inda kogi ke shiga teku.

A 2003, ambaliya ta yi wa birnin Saint-Louis na Senegal barazana, sai aka haƙa mashiga mai faɗin mita 4 a zirin yashin da ya raba kogin Senegal da teku, don ruwa ya samu hanya. Ambaliyar ta janye, amma igiyar ruwa ta yi ta cin mashigar har faɗinta ya kai kilomitoci. Ruwan gishiri ya kutsa gonaki, teku ta cinye ƙauyen Doun Baba Dieye, masunta da dama kuma sun rasa rayukansu wajen ƙetare wurin. Garin neman gira aka rasa ido.

Shawarata, kada a ba da kwangilar irin wannan aiki sai an binciki yadda yashi da laka ke tafiya a wurin, an kuma ji ta bakin masunta. A ware kaso na kuɗin don sake dasa itatuwan mangurof da ke tsirowa a bakin teku, masu karya ƙarfin igiya da riƙe laka, sannan a daina ba da izinin sabon gini a filayen da ruwa ke kwanciya.

Naku,
Mai karatu