Rahoton Ayyukan Shekara: Fitar Hunturu zuwa Tsaunin Mambila

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi. Ga rahoton bana na kwamitin gudanarwa na ƙungiyarmu ta masu fita ayari da motocin shiga daji. Bayanin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, zai karanta shi a babban taro. Bayan ɗaukewar damina an yi zaman duba motoci, an kuma koya wa sababbin shiga ɗaura igiyar ja da canza taya a kan gangara. Babban aikin shekara shi ne fitar ƙarshen mako zuwa tsaunin Mambila a jihar Taraba cikin hunturu, kuma a kanta za mu fi tsayawa, domin yawancin matsalolin da aka samu a can tun daga gareji aka tafi da su.

Ayari ya bar Jalingo da asubahin Juma'a, ya bi ta Bali, aka yi sallar Juma'a a Serti, sannan aka kama hawa daga Mayo Selbe zuwa Maisamari da Nguroje. Lokacin ya yi kaɗan, gab da magariba aka isa masauki. Wannan hanya ba ta tafiyar dare ba ce, don haka baɗi ranar Alhamis za a tashi.

Saman tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 daga matakin teku. Iska ba ta da kauri a can, injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa. Direban da bai san haka ba sai ya yi ta danna totur a babbar giya, inji ya yi zafi, kuloci ya fara wari. A sauko giya ta biyu tun kafin kwana, a bar inji ya yi ta juyawa a sake. Motocin da suka tafasa duk murfin lagiretonsu ya saki: ruwa a can yana tafasa a wajen digiri 95, murfin ne ke riƙe matsin da ke hana shi. Kuɗinsa kaɗan ne, a saya sabo.

Da safiyar Asabar sanyi ya tona asirin batura masu rauni da na hita filogin motocin gas da suka mutu (masu ɗumama inji kafin a tayar da shi). Akwai kuma ɗabi'ar makanikanmu ta cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, wai saboda zafin ƙasa. A Mambila injin da aka yi wa haka ba ya ɗumi, yana shan mai, yana hayaƙi. A mayar da shi.

Ranar Asabar ɗin aka bi hanyoyin burji na gonakin shayi na Kakara da wajen dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa. Da barin kwalta aka rage iskar taya daga 35 a geji zuwa 25, abin da ya rage gargada da tsagewar taya a kan dutse. Kada a sauko ƙasa da 20 a hanyar duwatsu, taya na iya zamewa daga rim. In an dawo kwalta a mayar da iska nan take, a kuma fitar da mota daga 4H, wato giyar jan taya huɗu. Hilux da Land Cruiser masu irin wannan giya da ake sawa ana cirewa ba su da abin raba juyi tsakanin gaba da baya, tafiya a haka kan busasshiyar kwalta tana murɗe farfela. Ƙurar burji ta toshe matatar iska cikin yini guda, a riƙa kakkaɓe ta kowace yamma.

Rafuka sun ja baya a wannan lokaci, amma duk da haka mutum ya fara shiga da ƙafa. In ruwa ya wuce gwiwa, a nemi wani mashigi. A ɗan jira aksul ya huce kafin shiga, domin in yana da zafi ya taɓa ruwan sanyi sai ya zuƙe shi ta mashaƙa. Alamar ita ce man aksul ya yi fari kamar nono, kuma dole a juye shi. Wajen ciro motar da ta kafe, igiya mai ɗaukar tan 8 da shakul (zoben ƙarfe na maƙala igiya) mai tan 4.75 muke aiki da su, a maƙalar da aka ɗaure a shasi. Ba a ɗaurawa a ƙwallon jan tirela: in ya karye yana iya kashe mutum. A jefa bargo a tsakiyar igiya, kowa ya ja baya.

Saukowar ranar Lahadi zuwa Mayo Selbe ita ce mafi haɗari a duk tafiyar. Gangara ce doguwa mai kwana-kwana, ga kwazazzabo a gefe, ga manyan motoci masu hawowa. Mota ɗaya birkinta ya yi taushi har feda ta kusa taɓa ƙasa, Allah ya kiyaye aka samu wurin tsayawa. Man birkinta ya tsufa. Man birki yana shan danshi: sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa 155 ya ishe shi, kuma da ya tafasa tururi ne a bututu, feda ba ta kama komai. A canza shi duk shekara biyu. A sauko da giyar da aka hau da ita, inji ya riƙe mota, birki a taka a saki. Sakin mota a firi don tsimin mai haramun ne a ayarinmu.

Filayen Mambila wuraren kiwo ne da ke da masu su, da yawa a killace. Ana gaida ardo ko jauro kafin a ratsa, a rufe ƙofar shinge bayan an wuce, a tsaya kan sawun da ke akwai. Sawun taya a kan ciyawar gangara shi ne ke zama zaizaya da damina. Ciyawa a bushe take, ba a barin wuta ko guntun taba.

Ba a shiga gandun dajin Gashaka-Gumti ba, kuma hawa dutsen Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419 tafiyar ƙafa ce ta kwanaki. Masu sha'awa su ba sakatare suna da wuri, don a nemi izini da ɗan rakiya a ofishin gandun da ke Serti.

Daga baɗi, motar da ba ta zo zaman dubawa ba ba za ta shiga ayari ba. Kowace ta zo da safaya biyu, famfon iska, fanbel, jarka biyu masu lita 20 na mai da ɗaya ta ruwa, abin kashe gobara da akwatin agajin gaggawa.

Wassalam.
Kwamitin Gudanarwa