Masu Ɗaukar Fim a Damagaram, a San Aikin Majemi Kafin a Kunna Kyamara

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili mu yi magana da ƙannenmu na Damagaram da suka rungumi kyamara suna ɗaukar masu sana'a da namun daji. Himmar ta burge mu, amma gaggawa na ɓata aikin: a zo da rana tsaka, a ɗauka cikin awa guda, a tafi.

Mu fara da majema. Jima ba aikin wuni ɗaya ba ne. Ana jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare da wuƙa, a wanke, a tsoma a ruwan dakakkiyar bagaruwa, sannan a shanya, a shafa mai, a rina ja da karan dafi. Wanda ya zo sau ɗaya mataki ɗaya zai gani, sai ya cike sauran da surutu. A je sau uku ko huɗu, zuwan farko kuma hannu rabbana: a gaida babban wurin, a faɗi inda za a nuna fim ɗin, a san wanda ba ya son a ga fuskarsa. Kada a ce wa majemi ya sake kankara don hoto. Hannunsa zai canza, mai kallo kuma zai gane. Kowane mataki a ɗauke shi sau uku, daga nesa, kan hannu, kan fuska, kowane ɗauka ya kai daƙiƙa 10 ba a motsa ba.

Haske mai kyau daga fitowar rana ne zuwa wajen ƙarfe 9, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana ido yakan nutse cikin inuwa, kyamara ta auna farin sama ta bar fuska baƙi ƙirin. A auna hasken a kan fuska. Ga bidiyo, hoto 25 a daƙiƙa, shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, a 1/50 na daƙiƙa, a sa gilashin ND, wato baƙin gilashin da ake ɗorawa a gaban na kyamara, ya rage rana. In babu shi akan kai shata har 1/2000, motsin wuƙar ya riƙa tsinkewa.

Murya ce aka fi raina, alhali ita ke korar mai kallo. Makirfo na wuya a maƙala shi taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a rufe shi da rigar gashi saboda iska, ƙarfin sauti ya tsaya wajen -12 a ma'aunin sautin na'urar. Kafin a tashi a naɗi minti ɗaya na ƙarar wurin kawai. Wajen haɗawa za a gode.

Da hunturu kada a cire gilashin kyamara a fili, ƙura za ta zauna ciki ta fito ɗigo-ɗigo a kowane hoto. A hura da ƴar robar hura iska kafin a goge, don goge yashi yana karce gilashi. A Afrilu da Mayu, zafi na wuce 40, kyamara takan mutu da kanta. Farin ƙyalle a kanta, a kashe ta tsakanin ɗauka.

Namun daji kuwa, ba sai an kai Termit da Tin Tumma ba, gandun da aka ware a 2012, inda ba a shiga sai da izini da ɗan jagora. Tafkin Gidimuni na tara tsuntsaye, shamuwa kuma na sauka cikin gari gab da damina. Gilashi mai jawo nesa na milimita 300 ko 400, shata 1/1000 zuwa sama ga tsuntsu mai tashi, a zauna a ƙasa tun kafin gari ya waye, a jira. Mun ga ana jifa don tsuntsu ya tashi. Abin da ake samu wutsiya ce kawai, uwa kuma ta bar ƙwai a rana.

Duk abin da aka ɗauka a kwafe shi wuri biyu daren nan kafin a share kati. Majemin da ya ba da lokacinsa kuma a koma a nuna masa, ko a waya ne.

Wassalam.

Daga wasu masu ɗaukar hoto, Zengo, Damagaram