Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ɗana na Makera, kan dogon Kakuri

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ka bugo waya a shirin rediyon da aka gayyace ni, ka ce daga Makera kake kira. Tambayarka ita ce: "Baba, kai da ka yi aikin reluwe, me zai hana a ɗora taragun fasinja a kan layukan kayan nan na Kakuri da ciyawa ke cinyewa, mu huta da kuɗin keke?" Ina gyara murya ke nan mai gabatarwa ya ce lokacin labarai ya yi. Abin da na samu na faɗa kawai shi ne "zai yiwu", aka rufe mana baki. Tun ranar kalmar nan ta tsaya mini a wuya, domin rabin amsa ce. Ban riƙe sunanka ba, shi ya sa na rubuto a fili, wataƙila wani ya miƙa maka.

Dogo iri biyu ne a Kakuri, kai kuma ka zuba su a tukunya ɗaya. Akwai uwar layi, wadda ta taso daga Legas ta biyo Minna, ta shigo garin Kaduna ta kudu, ta haye kogi ta nufi Zariya da Kano. Akwai kuma rassa, mu a bakin aiki saidin muke ce musu, gajerun layuka da ke ɓallewa daga jikin uwar su kutsa harabar masana'anta ko sito, su tsaya cak. Reshe ba ya zuwa ko'ina. Don dilar auduga aka shimfiɗa shi, ba don ɗan Adam ba.

Garin nan ai dogo ne ya haife shi. Layin Baro zuwa Kano ya ratsa nan tun 1911, hedikwatar Arewa ba ta baro Zungeru ta dawo Kaduna ba sai 1917. Kafin 1930 layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya biyo Inugu da Kafanchan, ya zo ya haɗu da na yamma a tashar da muke kira Janshin. Da aka tashi kafa masana'antu, ba a yi dogon nema ba: ga ruwan kogi, ga dogo a ƙofa. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, kamfanin ƙera makamai na DICON ya zo a 1964, masana'antar haɗa motoci ta Peugeot ta buɗe a 1975. Auduga ta sauko daga Gusau da Funtuwa a tarago, yadi ya fita a tarago.

Na yi shekaru cikin masu shantin, wato masu jera taragu da kai su inda za a yi lodi, don haka bari in nuna maka yadda ake shiga reshe. Kan jirgi ba ya jan taragun, turo su yake yi da baya. Mutum ɗaya na tafe a ƙasa a gabansu da tuta a hannu, in dare ne da fitila. Wani na tsaye kan sandar juya layi, ya danne ta da duk nauyinsa har ya ji ta zauna, sannan ya ɗaga hannu. Gudun bai wuce na mai sauri zuwa masallaci an tayar da iƙama ba. Kwana matsattsa ce, ƙafafun tarago na kuka kamar ana wasa wuƙa. Sau da yawa ƙarfen ma tsoho ne da aka ciro daga babban layi bayan ya gaji. Duk wannan bai dami kowa ba, domin dilar atamfa ba ta ƙorafi ko ta yini a rana. Amma ka sa mai jego da za ta awo a ciki, ko ma'aikacin da ake rufe rajista ƙarfe takwas, ka ji abin da za su ce maka.

In ma an gyara ƙarfen, ina za ka sauka? KTL ta rufe tun 2002, sauran masaƙun suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Jirgin zai kai ka bakin ƙofar da aka garƙame da kwaɗo, ka gaisa da maigadi ka dawo.

Kada ka ɗauka kuma aikin kaya ya mutu a Kakuri. A watan Janairun 2018 Shugaba Buhari ya buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a nan unguwar, don ɗan kasuwar Arewa ya karɓi kwantenarsa, ya gama da Kwastam a gida, ba sai ya je ya yi zaman jira a Apapa ba. Tashar nan kuwa da dogo take numfashi. Tsakanin Legas da Kaduna kusan kilomita 900 ne a layi. Doguwar kwantena ɗaya tarago ɗaya take ci, ita ce kuma tirela guda a kan titi. Jirgi mai tarago 20 ya ɗauke tirela 20 ke nan daga hanyar Mokwa da Birnin Gwari, da man da za su sha, da kwaltar da za su farfasa, da waɗanda za su kife. Shi ya sa gabana ke faɗuwa in na ji matasa na cewa a kori jirgin kaya a bar wa fasinja layi. Kusan ko'ina a duniya jirgin cikin gari ba ya riƙe kansa da kuɗin tikiti, sai gwamnati ta tallafa. Kaya ne ke biyan kuɗin tsakuwa da albashin masu duba layi. Ka kore su, ka yanka kazar da ke yi maka ƙwai don miyar dare ɗaya.

To ina "zai yiwu" ɗin nawa ya dosa? Uwar layin. Ka bi ta da ido. Daga Kakuri ta shiga Janshin, ta haye kogi a kan gadarta ita kaɗai, ba ta bin layin motoci, ta bi ta bayan babbar kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi, inda har sunan Bakin Dogo ya samo asali, ta miƙe Kawo, ta fita Rigacikun. Layin gabas kuma ya bar Janshin ya yi wajen Sabon Tasha da yankin matatar mai. Ai wannan ita ce hanyar da dubban mutane ke bi kullum safe da yamma a titin Kachia da Ahmadu Bello Way, suna gumi a cikin bas. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kai ka fi ni sanin nawa keke ke cinye maka a wata. Da injiniya zai zauna yau ya zana wa Kaduna layin jirgin cikin gari daga kudu zuwa arewa, alƙalaminsa ba zai yi nisa da tsohon dogon nan ba.

An ma taɓa gwadawa. A zamanin Gwamna Namadi Sambo an saka jirgin jigila na cikin gari a kan wannan layin, na kuma shiga shi. Mutane sun hau, yara na leƙe ta taga, mata da kwandunan cefane. Bai ɗore ba. A ganina ba rashin fasinja ne matsalar irin wannan jirgi ba, lissafin layi ne. Layin ƙwaya ɗaya ne, na zuwa da na dawowa duk a kansa. A ce jirgi guda na cin minti 45 daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya isa, sai a kwance kan, a zagaya da shi ta ɗaya layin tashar, a sake jona shi a ɗaya gefen, a gwada birki. Kafin ya dawo inda ya bar ka an doshi awa biyu. In jirgin kaya ya shigo tsakani yana jan jiki, sai abin da hali ya yi. Wa zai tsaya awa biyu a tasha alhali ga keke na yi masa oda? Wanda jirgi ya sa ya makara sau uku, ko kyauta ka ce ya zo ba zai dawo ba.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Ana buƙatar wuraren kauce wa juna a tsakiya, gajeren layi na biyu inda wannan zai raɓe wancan ya wuce. Ana buƙatar jirgi mai inji a jikin taragunsa da mazaunin direba gaba da baya, wanda in ya kai ƙarshe direba ne kawai zai sauko ya taka zuwa ɗaya kan. Sai sigina mai aiki, da dandamalin hawa wanda tsohuwa za ta iya taka shi ba tare da an ciccibe ta ba. A kuma raba lokaci: safiya da yamma na mutane, tsakar rana da dare na kwantena.

Abin da ya fi waɗannan wuya shi ne mu kanmu. Wata safiya muna fitowa da taragu ta gefen wata kasuwa, tun daga nesa direba ke busa. Masu tumatir da tattasai sun saba, ko tashi ba sa yi, sai dai kowa ya ja kwandonsa baya taku biyu, jirgi ya wuce yana kaɗa bakin buhun da aka shimfiɗa, su maido. Sai ga wani mai ruwa ya turo kurarsa kan mahaɗa, taya ta maƙale a tsakanin ƙarfe. Direba ya danna birki tun da ya hango shi, amma jirgi mai lodi ba mota ba ne, sai ya ci mita ɗaruruwa kafin ya tsaya in yana da gudu. Allah Ya sa muna tafiyar hawainiya. Mutumin ya saki kura ya yi tsalle, jarkoki suka watse, ruwa ya malale kan tsakuwa. Ya zauna a ƙasa yana salati, mu ma muna yi. Wannan fa lokacin da jirgi ke wucewa jefi-jefi ne. Ka ƙiyasta jirgi duk bayan minti 20, da gudun da zai sa a ce gara shi da bas. Dole a yi shinge, a sa ƙyaure da mai tsaro a kowace mahaɗa, manyan kuma a ɗaga su sama. Legas ta buɗe layin jirginta na cikin gari da ake kira Jan Layi a 2024, kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, a cikin filin reluwe, kuma sai da ta gina gadojin sama a kan mahaɗun kafin jirgi ya fara ɗaukar mutane. Ba na goyon bayan a zo da katafila da asuba a watsa masu neman na tuwo. A ba su rumfuna a bakin tasha. Su ne ma za su fara sayen tikiti.

Akwai kuma maganar faɗi, wadda 'yan siyasa ba sa son taɓawa a kan mumbari don ba ta jawo tafi. Tsohon dogo milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Sabon da ya haɗa Abuja da Rigasa tun 2016, mai kilomita 186, milimita 1,435 ne, haka ma na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. Jirgin wannan ba ya hawa wancan, ko da taku ɗaya. Shi ya sa wanda ya sauka a Rigasa sai ya nemi mota ta shigo da shi gari. Ranar da manyan kaya suka koma faffaɗan layi, in aka bar Kakuri a kan siriri, to kowace kwantena sai an sauke ta an sake ɗorawa, ribar ta tafi a nan. Akwai dabarar ƙara ƙarfe na uku a layi ɗaya don jiragen biyu su bi, ana yin haka a yammacin Ostireliya. Ko wacce za a zaɓa, a yanke shawarar kafin a sayo tarago ko ɗaya.

Ta fuskar doka an samu sauƙi. Tun kafa hukumar jiragen ƙasa a 1955 harkar dogo a hannun Tarayya take, sai a watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi suka samu ikon yin nasu. Sai dai tsohon filin har yanzu na Tarayya ne, don haka sai an zauna an yi yarjejeniya a rubuce kan wa ke gyara, wa ke ba jirgi hanya, wa ke biya in an yi ɓarna. Tun zamanin El-Rufai ake maganar jirgin zamani na cikin gari, har gobe ana yi, ina kuma fatan in hau shi da ƙafata. Amma kowane iri za a kawo, fili zai nema. Ƙarfe ana oda daga Sin ya iso cikin watanni. Zirin ƙasa da ya ratsa tsakiyar Kaduna daga Kakuri zuwa Kawo babu kasuwar da ake sayar da shi. Duk shagon bulo da aka dasa a jikin layi yau, diyya ce da shari'a gobe. Duk ƙarfen da ɓarayi suka kwance da dare suka kai wa masu awon gwangwan, ƙofa ce aka buɗe wa mai neman fuloti.

Su kuma rassan da ka tambaya a kansu, ban ce a yar da su ba. Masu rai a bar wa kaya. Matattun kuwa ina ganin musu aikin da ba kowa ke tunawa da shi ba: jirgin cikin gari na buƙatar inda zai kwana, inda za a wanke shi, a duba birkinsa, a sha masa mai. Harabar masaƙar da ta rufe, mai layi har cikin gida da katanga a zagaye, ta fi kowane wuri dacewa da haka, kuma yaran Makera da Nasarawa ne za su samu aikin kanikanci a ciki.

In kana da hali, ɗana, ka zo ranar Litinin da hantsi, ranar da kasuwar Kakuri ke ci. Za ka same ni a bakin tashar Janshin da hula zanna da sanda. Ka sa takalmi mai kauri saboda tsakuwa da ƙaya, ka riƙo littafi da biro. Za mu taka daga nan zuwa tashar tsandauri, kai kana ƙirga mahaɗu da ginin da ya shigo fili, ni ina nuna maka inda ƙarfe ya ɓace. Abin da muka rubuto, shi za mu kai gidan rediyon, mu roƙi mai gabatarwa ya ba mu fili kafin lokacin labarai.

Wassalam.
Babanka, tsohon ma'aikacin reluwe, Kaduna.