Wahalar masu binciken tsutsar ciki kada ta tafi a banza

Ya mai girma Edita,

Na karanta rahotonku kan masanan da ke gwaji a jikinsu don gano yadda tsutsotsi ke shiga mutum da dabba. Ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. A 1922 likitan Japan Shimesu Koino ya haɗiye ƙwan tsutsar ciki 2,000, ya kwanta ciwo sosai, har aka ga 'ya'yan tsutsar a majinarsa, shaidar cewa sai ta ratsa huhu kafin ta zauna a hanji.

Abin da ke damuna shi ne, ilimin da aka saya da lafiyar mutane bai iso hannun mahautanmu ba. A wata mayanka a nan Legas na ga naman sa da ƙananan fararen ƙuraje kamar ƙwayar shinkafa, yaron mahauci ya kankare da wuƙa ya ɗora a faranti. Wallahi bai san cewa wata irin tsutsa ce ba, kuma suyar da ba ta gasu har ciki ba ba ta kashe ta.

Ina roƙon gwamnatin jiha ta ƙara likitocin dabbobi a mayankai, su riƙa zama da sarakunan fawa suna nuna musu waɗannan alamu da Hausa da Yarbanci.

Naku,
Wani mai karatu, Agege, Legas