Kwandala mai hoton ginin da babu shi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ni ɗan canji ne a Wapa, kuma sana'ar ta koya min duban hoton da ke jikin kuɗi, domin ba a buga shi haka kawai. Ina roƙon fili in yi magana kan wata kwandalar tunawa da aka ƙera a Isra'ila.

A watan Disambar 2017 Donald Trump ya ayyana Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila. Shigowar 2018 sai wata ƙungiya mai suna Mikdash Educational Center ta fitar da kwandalar. A fuskarta an jera kan Trump da na Sairus, sarkin Farisa da ya bar Yahudawa suka koma gida daga Babila suka sake gina haikalinsu, wato babban ɗakin ibadarsu a Ƙudus. A bayanta kuwa hoton haikali ne. To, Rumawa sun rushe haikalin ƙarshe tun shekara ta 70 Miladiyya. Inda masu kwandalar ke son a tayar da sabo shi ne harabar Masallacin Al-Aƙsa, wurin da Ƙubbatus Sakhra take tsaye tun zamanin Abdulmalik ɗan Marwan. Wannan ne ya tsaya min a rai.

Na san wani zai ce ai mu ma muna yi. Gaskiya ne, duk lokacin aikin Hajji ina ƙirga wa maniyyata riyal hamsin ta Saudiyya, koriya, gabanta ƙubbar nan, bayanta Al-Aƙsa. Amma waɗannan gine-gine suna nan, ana kiran salla ana shiga sahu. Ko Bankin Isra'ila da ya sa Bangon Yamma na Ƙudus a kwandalar zinare a 2011, bangon yana tsaye kuma Yahudawa na ibada a gindinsa, duk da cewa da yaƙi aka ƙwace gabashin birnin a 1967. Hoton da ke bayan kwandalar Trump kuwa ba zai tabbata ba sai an kawar da abin da ke wurin.

Ina roƙon jaridarku ta buga hotonta gaba da baya, da bayani cikin Hausa, domin masu zuwa ziyara Ƙudus daga ƙasar nan, Musulmi da Kirista, su san abin da suke saye da sunan tsaraba.

Mai karatunku,
daga Fagge, Kano